Layi Ɗaya Da Ban Ƙara Ba

Gwaggo Mai Fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis ta sama, domin kaina ya ƙulle. Na san yawancin masu rubuto miki matasa ne da ke tambayar wane yaren kwamfuta za su fara koya. Ni shekarata arba'in da bakwai, gemuna ya fara fari, kuma ban taɓa zaton zan zauna ina zazzage wa jarida cikina ba. Amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba na iya zama wuri ɗaya. Lokacin cin abinci sai in fita in zagaya ginin ofishinmu sau uku, in dawo da ledar abincin yadda na fita da ita. Mai gadin ƙofa har ya tambaye ni ko likita ne ya ɗora mini tattaki.

Shekara goma sha ɗaya nake aiki a ƙasar da ba tawa ba, a wani kamfanin ajiya da jigilar kaya. Sito uku gare mu da manyan motoci. Manhajar da ke gaya wa ma'aikatan sito abin da mota ta ɗauko da inda za a ajiye shi, mafi yawanta ni na rubuta ta. Ke kin san aikin, amma bari in yi bayani saboda masu karatu, kuma don ni ma in ji yadda abin yake in an faɗe shi a fili.

A cikin manhajar, duk lodin mota jeri ne na kaya. Irin jerin nan ne da kai ne za ka gaya masa abin da zai ɗauka, mu kuma muka ce masa ya ɗauki duk abin da ya cika sharaɗin zama kaya. Sharaɗin nan, wanda masu sana'armu ke kira intafes, abu uku kawai yake nema: lamba, nauyi, da inda za a kai. Amma kaya iri-iri ne. Kwalin gilashi yana ɗauke da gargaɗin kada a kife shi, gangar fenti tana ɗauke da nisan da za a ba ta daga wuta, buhun siminti yana ɗauke da nawa za a iya jibga a kansa. Muddin suna cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowanne ya san kansa. Rigimar tana tasowa ne in an zo rubuta jerin a fayil na XML, wani tsarin rubutu da kwamfutoci ke karantawa, don a aika wa sito. Abin rubutawar da ya zo tare da yaren da muke aiki da shi ya ƙi sam. Hujjarsa kuwa gaskiya ce: sharaɗi ba abu ba ne, in ya rubuta "kaya" kawai, gobe in an ce ya karanta ya sake gina abin, gilashi zai gina ko fenti?

Sai na rubuta nawa. A raina ina kiransa magatakarda. Na yi masa wani ɗan fayil, littafin sanannu, inda kowane irin kaya yake da layi ɗaya: ga sunansa, ga laƙabin da za a rubuta masa a fayil. In magatakarda ya ga abu, sai ya duba littafin, ya rubuta shi da cikakken sunansa da duk bayanansa. Har nan babu laifi, mutane da yawa haka suke yi.

Ga inda laifin yake. A makon da muka fara amfani da manhajar, shekara tara da suka wuce, duk sanda magatakarda ya gamu da abin da babu shi a littafi sai ya tsaya cik, ya ƙi rubuta komai. Motoci suka yi layi har bakin titi, direbobi suna danna oda. Manajanmu, wanda a ɓoye muke kira Sai-gobe, ya tsaya a kaina yana huci, ya ce shi bai damu da yadda zan yi ba, in dai hana abin nan kuka. Na hana shi kuka. Na koya masa cewa in ya ga baƙon abu, ya rubuta lambarsa da nauyinsa da inda za shi, ya sa masa laƙabin kaya gama-gari, ya zubar da sauran bayanan, ya yi shiru. Aikin yammaci ɗaya ne. Niyyata in gyara shi da kyau bayan ƙura ta lafa. Sau biyu na nemi mako biyu a rubuce don in yi gyaran, sau biyu Sai-gobe ya amsa da sunansa. Saƙonnin suna nan, ban goge ba.

Daga nan na daina nema. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ba gajiya kaɗai ta sa na daina ba. Daɗi na fara ji. Duk wanda ya ƙirƙiro sabon irin kaya dole ya taso ya zo teburina, ya tsaya, ya ce in taimaka. Ni kuma in ɗan ja aji, in ce ya ba ni minti goma, in ƙara layi ɗaya, aikinsa ya tashi. Ban taɓa rubuta wa kowa bayanin littafin nan ba. Gwaggo, mutumin da takardar zamansa ke rataye da kwantiragin shekara biyu-biyu, in ya samu abu ɗaya da ba a iya yi sai da shi, ba ya saurin sakinsa. Ba ina wanke kaina ba ne. Ina gaya miki yadda zuciya take ne.

Shekara huɗu da suka wuce aka ɗauko wani aka ɗora mana shugaban sashe, kujerar da kowa ya san ni ne a bakinta. Sa'ana ne, ko ya girme ni da kaɗan. Ina kiransa Sarkin Sauri, don kafin ka gama tambaya ya ba ka amsa uku, biyu ba daidai ba. Ranar da ya zo ya ɗauke teburin da ke bakin taga, wanda na shekara shida a kai, aka mayar da ni kusa da injin buga takardu. Kuma tun ranar har yau bai taɓa faɗin sunana daidai ba. Gaɓa uku ne kacal, amma kullum sai ya haɗiye ta tsakiya. Tun ina jin haushi har na koma amsawa. Don adalci dai, ba mugu ba ne. Lokacin da mahaifiyata ta rasu shi ya tsaya aka ba ni hutu ba tare da ja-in-ja ba, kuma shi ya kai ni filin jirgi da motarsa, duk hanya yana ba ni haƙuri da sunan da ba nawa ba.

A farkon bana ya tara mu ya ce daga yau an daina kai gaisuwa teburin kowa, duk wanda ya rubuta abu ya kai shi ƙarshe da kansa. Bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni. Bayan wata biyu kamfani ya buɗe ɗakin sanyi a sito na biyu, shi da kansa ya rubuta sabon irin kaya, kayan sanyi, mai ɗauke da ma'aunin sanyin da ake buƙata. Aikin ya yi kyau, ban ga abin kushewa ba. Abu ɗaya ya rage, bai ƙara layinsa a littafin sanannu ba, don bai san da littafin ba.

Na gani, Gwaggo. Wannan ne abin da ke hana ni zama. Wata ranar Litinin da safe aikinsa ya wuce ta allon kwamfutata, na duba, na ga babu layin, na ɗauki kofin shayina na kurɓa. Na ce a raina bari ya yi gwajin da dokar aikinmu ta ce a yi, ya rubuta fayil ya sake karantawa, ya ga sanyinsa ya ɓace, ya taso da ƙafarsa ya zo kusa da injin buga takardu ya tambaye ni. Kwana biyu na so ya sha wuya, ba fiye ba. Har na shirya fuskar da zan yi masa. Bai zo ba. Ashe gwajin rabi ya yi: ya ga fayil ya fita ba kuka, ya ce shi ke nan. Ni kuma aka tura ni wani aiki a sito na uku, kwanaki suka ja, na ɗauka ya gano da kansa. Ko dai in ce na zaɓi in ɗauka haka.

Kwali arba'in na allurar rigakafin dabbobi suka iso sito a matsayin kaya gama-gari. Aka jera su tsakanin tayoyi da kwalayen sabulu, ƙarƙashin rufin kwano, kwana uku. Matar da ke kula da siton ce ta lura da rubutun jikin kwali tana wucewa. An lalata su duka. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, amma masu kayan sun janye aikinsu daga wurinmu, kuma na ji an ce makiyayan da ke jiran allurar sai da suka ƙara wata guda. Ni ɗan makiyayi ne. Na san abin da wata guda yake nufi in ciwo ya shigo garke.

Yanzu an sa zama kan wannan asarar ranar Alhamis ta sama, bayan Sai-gobe ya ɗaga shi sau biyu. Kowa ya san Sarkin Sauri za a yanka. Sunansa ne a kan aikin, kuma ya amsa da bakinsa cewa bai kammala gwaji ba. Har yau bai san dalilin ɓatan sanyin ba, yana ta tona nasa rubutun, ya rame, ya daina ba da amsa uku. Kayan sanyi kuwa da biro da takarda ake bin su a halin yanzu. Shekaranjiya Sarkin Sauri ya tsaya a teburina ya tambaye ni ko ina da wani tunani. Na ce zan duba.

Ni kuma a watan nan ne nake buƙatar wasiƙa daga kamfani. Shekara uku ina bin takardun kawo uwar yara da 'ya'yanmu biyu, saura wannan wasiƙar kaɗai, mai cewa aikina tabbatacce ne. 'Yata ta fari tana da shekara biyu na baro ta, yanzu ta kai tsayin uwarta, a waya na ga ta yi wannan tsawon. Uwar yara har ta fara rabar da tukwanenta ga ƙannenta. Ban gaya mata komai ba. In ta tambayi me ya sa muryata ta canza, sai in ce mura ce.

Na buɗe littafin sanannu ya fi sau ashirin. Na rubuta layin, na goge. In na ƙara shi a ɓoye, tarihin gyare-gyare zai nuna sunana da ranar, kuma duk mai hankali zai tambayi yadda na sani. In na yi shiru, za a kori mutumin da rabin laifin kaɗai ne nasa, wataƙila ma a ba ni kujerarsa da tagata, in zauna a kai ina sane. In na yi magana, Sai-gobe ba zai tuna shi ya ce in hana abin kuka ba, zai tuna dai baƙo ne ya ɓoye fayil shekara tara. Wani lokaci sai in ce ai shi ma Sarkin Sauri ɗan ƙasa ne, gobe zai samu wani aiki, ni fa? Sai kuma in tuna hanyar filin jirgi.

Me zan yi? Kada ki lallashe ni, na gaji da lallashin kaina.

Naki,
Na Kusa Da Injin Buga Takardu

*

Ɗan'uwa Na Kusa Da Inji,

Na tsallake wasiƙu shida na sa taka a gaba saboda Alhamis ba ta jira. Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba. Amma ba zan taya ka yanka kanka ba, domin na ga ka riga ka wasa wuƙa.

Bari mu raba laifin yadda yake. Ɗinkin gaggawar da ka yi shekara tara da suka wuce, duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya yi irinsa, ni ma na yi, da mota a ƙofa da manaja a ƙeya. Ka nemi lokacin gyara sau biyu aka hana ka, wannan kason manajanka ne. Abokin aikinka ya rubuta fayil bai sake karantawa ba, ya kuma soke zuwa teburinka ba tare da ya tambayi me ake zuwa yi ba. Wannan nasa ne, kuma ba ƙarami ba ne. Naka biyu ne: ka mayar da littafin nan sirri don a riƙa nemanka, sannan ranar Litinin ka gani ka kurɓi shayi. Na fahimci tsoron da ya haifi na farko, wanda bai taɓa rayuwa a kan takardar shekara biyu ba ba zai gane shi ba. Na biyun kuwa ba tsoro ba ne, haushi ne, kuma kai ma ka sani.

Kafin maganar wa za a kora, akwai maganar kaya. Magatakardanka yana nan yana aiki yau, kuma har yanzu shiru yake yi. Ka tabbata kayan sanyi ne kaɗai ya taɓa haɗiyewa? Ka bi tsofaffin fayiloli ka ƙirga duk inda laƙabin gama-gari ya fito, ka ga ko akwai wani abu mai haɗari da ke zaune a sito an cire masa gargaɗinsa. Wannan aikin gobe da safe ne, ba na bayan zama ba. Shi ya sa shiru ba ya cikin zaɓinka ko da babu Sarkin Sauri a duniya. Ƙara layi a ɓoye ma ba gyara ba ne, ramin yana nan yana jiran na gaba.

Gyaran ka san shi fiye da ni, shekara tara kana ɗauke da shi a ka. Magatakarda ya daina karɓar abin da bai sani ba, ya tsaya ya faɗi sunan abin a fili. Kada ka jefar da littafin sanannu, domin manhajar da ke gina duk sunan da ta tsinta a fayil ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Amma a daina dogara da tunawar mutum: a sa gwaji mai tafiya da kansa, wanda zai nemo duk irin kayan da ya cika sharaɗin, ya rubuta kowanne, ya sake karantawa, ya gwada da na asali, in ɗaya ya dawo da giɓi ya hana aikin wucewa. Da wannan, kukan zai tashi a ofis gaban mai rubutu, ba a bakin sito gaban direbobi ba, wanda shi ne abin da manajanka ya ji tsoro tun farko. Ka rubuta shi a shafi ɗaya, da kwanakin da zai ci.

Sannan ka je wurin Sarkin Sauri kafin Alhamis, ku biyu kaɗai. Ya tambaye ka, ka ce za ka duba, to ka duba. Ka buɗe masa littafin, ka nuna masa inda sanyinsa ya zube, ka gaya masa ka gani ranar Litinin kuma ka yi shiru don kana so ya zo ya tambaye ka. Jimla ɗaya ta isa, kada ka yi wa'azi a kan kanka. Zai yi fushi, haƙƙinsa ne, ka bar shi ya yi. Amma mutumin da ya shafe kwanaki yana tona rubutunsa yana zaton ya haukace, akwai sauƙin da zai ji kafin fushin ya gama sauka. Ban san shi ba, sai dai wanda ya kai abokin aiki filin jirgi ranar makoki ba kasafai yake zama mai cin amana ba.

A wurin zaman ku shiga da takarda ɗaya mai jera abin da ya faru bi da bi, da saƙonninka biyu a manne, ba don ka soki manaja ba, don tarihin ya cika. Kamfanin da aka kawo masa mai laifi ɗaya korarsa yake yi ya huta. Wanda aka kawo masa rami mai hannun mutum uku a ciki, har da na mai yanke hukuncin, ga kuma gyara a shafi ɗaya, yawanci gyaran yake ɗauka.

Na ce yawanci. Ba zan yi maka alkawarin wasiƙarka za ta fito ba, ƙarya ce in na yi. Shi ya sa kafin Alhamis ka nemi wanda ya san dokar aiki da ta zama a inda kake, ka ji takamaimai abin da zai faru da takardunka in abu ya ɓaci, da tsawon lokacin da za ka samu na neman wani wuri. Tsoron da aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka. Kuma ka tuna cewa shirun ma ba mafaka ba ne. Duk wanda za a kawo ya binciki ɓatan sanyin nan, a yini ɗaya zai isa littafinka, sunanka ne a kan kowane layi. Gara su ji daga bakinka.

Uwar yara kuma ka kira ta yau, ka daina yi mata mura. Matar da ta riƙe gida shekara goma sha ɗaya ba tulun ƙasa ba ce da za ta fashe don labari. Rayuwarta ce a kan teburin nan kamar taka, tana da haƙƙin ta sani kafin, ba bayan ba. Ta dakata da rabon tukwane tukuna.

Abu na ƙarshe. Ka koya wa magatakardanka in ya ga abin da ba daidai ba ya karɓa ya yi shiru, na kuma lura kai ma haka kake yi. An ɗauke maka tebur ka yi shiru, an tsallake ka a kujera ka yi shiru, shekara huɗu ana cinye maka gaɓar suna kana amsawa, duk kana tarawa, har ranar da abin ya fito ta kan kwali arba'in. Mutumin nan mai yiwuwa bai ma san yana kuskure ba, tunda ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Saboda haka in kun zauna, kafin ka buɗe masa littafin, ka fara gaya masa yadda ake faɗin sunanka, gaɓa uku, a hankali, ya maimaita har ya iya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya ranar Alhamis, ya sassauta hukunci, ya kuma nuna maka ranar da za ka auna tsayin 'yarka da kafaɗarka, ba ta waya ba.

Gwaggo Mai Fili